Saniyar da Inna Ta Bari a Gindin Tsamiya

A gidanmu na Rogo, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna, tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya. Haka muka taso, har shekarar da Kawu Sale ya dawo daga Kano da akwatin wasan ƙwallo, wanda ake jonawa da talabijin da batirin mota.

Ba buga ƙwallon ake yi ba. Kai ne koci: ka zaɓi 'yan wasa sha ɗaya, ka jera su baya da tsakiya da gaba, kowa da lambarsa ta gudu da ƙarfi da shekaru. Wanda ya tsufa ka kai shi kasuwa. In ka sha kashi da yawa, a kore ka. Muka haukace. Kawu ya ce ɗakin Inna ya fi faɗi, aka kwashe kayanta aka mai da ta ɗan ɗakin da ke jikin turken awaki. Ko babanmu bai hana ba.

Wata rana batiri ya ƙare, Kawu ya tafi caji. Muka koma wajen Inna ko kunya babu, ina ta taƙama na sayar da golana don ya tsufa.

"Me ya yi maka?" in ji ta.

"Ba komai, Inna. Lambarsa ce ta sauka."

Ta cusa itace a wuta har tartsatsi ya tashi. "To, marasa mutunci, ku buɗe kunne, ga tawa."

Wai wani makiyayi ne ya gaji garke, ya kori tsohuwar saniya mai ɗingishi don tana rage musu sauri. Rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe. Bijimai masu gudu suka yi ta zagaye, ashe ita kaɗai ta san hanyar ruwa. Ya bi sawunta kwana uku yana kuka, har ya hango ta kwance a gindin tsamiya.

Nan muka ji ƙarar babur ɗin Kawu. Muka watse, ni ne a gaba. Ba ta kira mu ba.

Kafin lokacin girbi Inna ta rasu, a ɗakin nan mai warin awaki.

Na yi shekaru ina jin haushin Kawu, sai da na manyanta na gane ƙafata ce ta fara tashi. Na tambayi tsofaffi daga Fulatan har Karaye yadda labarin ya ƙare, ba wanda ya taɓa jin sa. Ashe nan take Inna ta ƙirƙire shi, domin mu. Har yau ban sani ba ko ta yi niyyar saniyar ta yafe.