Jan Maɓallin Rediyon Malama Rifkatu

Ranar wata Laraba ce, lokacin roron gyaɗa, ina aji huɗu, na danna rediyon Malama Rifkatu sai na ga kaset yana juyawa amma babu sautin da ke fita. Ita ta tafi rijiya, ni kuma na tsaya ina kallon zaren yana naɗewa shiru, ban san jan maɓallin ɗaukar magana na haɗa da na kunnawa ba.

Malama Rifkatu Kirista ce, ita ke koya mana lissafi a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Karare, katanga ɗaya ta raba ɗakinta da gidanmu. In an tashi makaranta nakan zagaya in zauna a tabarmarta, muna ɓarar gyaɗa kaset ɗin nan yana yi. Waƙoƙin wasu samarin coci ne na Jos, masu jitar lantarki da manyan ganguna. Ta ce kaɗan suka buga ƙungiyar ta watse, nata ma yayanta da ya rasu ne ya bar mata. Ba na jin Turancinsu. Amma in jitar ta ja dogon kukanta, sai in ga kamar dawar bayan gari tana tafiya a hankali, kamar duwatsu sun saki ƙasa suna shawagi. Inna ta san ina zuwa. "Ki ji kiɗanki, ki dawo ki yi sallarki," iyakar abin da take cewa ke nan.

Ran nan kashe rediyon na yi na gudu gida, kwana uku ban leƙa ba. A aji ma bencin baya na koma, don na riga na yanke cewa ta rufe mini ƙofarta har abada. Ranar Asabar da la'asar ta leƙo ta katanga ta kira ni, na je. Ta kunna kaset ɗin. Waƙa ta uku ta kai tsakiya ta yanke, sai ga luguden Inna da Gwaggo, ga kukan zabi, ga Baba yana kiran shanun huɗa da sunayensu, kusa-kusa kuma numfashina. Sannan jita ta dawo.

"Ke Hauwa'u, ashe kin shiga ƙungiya ba ki gaya mini ba," in ji ta, tana dariya har da share ido. "Zauna, babu abin da zai same ki. Miƙo ƙwaryar nan."

Yau shekara biyu ke nan da muka baro ƙauyen a guje da rana tsaka, 'yan bindiga a bayanmu. Baba bai samu fitowa ba. Muna ɗakin haya a Batsari, har yanzu in babur ya wuce da gudu sai in ruga ɗaki. Watan jiya Malama ta turo mini waƙoƙin ta waya daga Jos, wai an nemo su an sake fitar da su, an wanke sautin tas. Na saurara a tsakar gida. Waƙa ta uku ta wuce sumul, baitin da na goge ya dawo wurinsa.

Na kira ta na tambayi tsohon kaset. Ta ce yana nan a ƙasan akwati, in hanya ta yi kyau za ta kawo mini da kanta. Ni dai minti ɗayan nan nake jira.