Mai Shara da Gonar Aro

Mai Shara suke ce masa, kuma ba a banza ba. In an gama girbi, maƙwabta kan tattara kara da ganye su cinna wuta, gona ta yi fes. Shi kuwa bawan Allah sai ya kwantar da nasa a ƙasa ya bar shi ya ruɓe. Garma ba ta shiga gonarsa. Rami kawai yake sara ya jefa iri, ya tsarma wake tsakanin masara. Masu wucewa har tambaya suke, wai gona ce wannan ko juji.

Gonar ma ba tasa ba ce. Ƙanin matarsa ne ya ba shi aro bayan rasuwarta, wani fako da ko ciyawa ba ta kula shi, ruwa ya sauka ya zarce kamar a kan faranti. Da ita yake ci, ba shi da wata. Ya yi ta jidar kashin awaki a kwando har wuya ya sage, gwiwoyi suka koma ƙara in zai miƙe. Shekaru suka ja. A hankali ƙasa ta yi baƙi, ta yi laushi, tsutsar tana ta cika ta. In ruwa ya yi fashi, shukar kowa ta yi yaushi, tasa kore shar. Wani malamin gona ya taɓa damƙar ƙasar ya ce baƙin nan kabon ne, shuka ce ke zuƙo shi daga iska ta ajiye a ƙasa, in an ƙona ko an kifar da ƙasar da garma, sama zai koma. Mai Shara ya gyaɗa kai kawai, bayansa ke ciwo.

Bana, gab da shuka, sai ga ƙanin matar ya tsaya bakin gona yana ta kallo.

"Yaya, wuri ya yi kyau," in ji shi. "Yaron nan nawa ya gama karatu, ba aiki. Shi zai karɓa. Har mun yi magana da mai tarakta."

"Tarakta kuma?"

"Kar ka damu, ba zan bar ka haka ba. Akwai wani busasshen fili bayan rafi. Tunda hannunka na da albarka, ka tayar da shi."

Mai Shara bai yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya dafa kafaɗar mutumin ya zauna a ƙasa da ƙyar.

"Tayar da ƙasa na iya," ya ce. "Amma wannan ta cinye mini gwiwoyi, kuma ba ni da wasu."