Makullin Adakar Iya

Ina shago a Ngueli ina auna wa wata mata yadi, ƙanena Musa ya sauka daga babur ya ce, "Yaya Binta, Iya ta cika." Na ajiye almakashi. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne makullin da take rataye da shi a wuya.

A gidanmu na Abena, in an idar da magariba, Iya, kakarmu ta wajen uba, takan zauna gaban murhun gawayi tana dafa shayi, mu kewaye ta. "Ga ta nan, ta taho da ƙafarta," in ji ta. Mu ce, "Ta zauna mu ji."

Akwai tatsuniya guda da muke roƙo kullum. Wai wani mai gadi ne ya gaji libarbar sojan Faransa, tsohuwar ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa. Harsashinta ya ƙare a gari. Ya samo na wata bindiga a kasuwa, ya gwada, ya shige ramin daidai. Bindiga ta ce, "Wannan ba ɗana ba ne, ƙarfinsa ya fi cikina." Ya ce, "Ai ya shiga." Ya fita bayan gari ya danna kunama. Ganga ta tsage, ta tafi da yatsunsa biyu.

"Shiga daban, dacewa daban," in ji Iya. "Musa, rufe baki, kar ƙuda ma ya gwada."

Baffa Sale, ƙanen babanmu, da ta fara wannan sai ya tashi, wai zai duba akuya. Yatsu uku gare shi a hannun dama. An ce mana ƙofar mota ce.

Shekarar da faɗa ya shigo gari, Musa ya girma. Ya zo da harsashi biyar daga wurin abokinsa, ya nemi makullin adakar da bindigar kakanmu take ciki. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Wa ya gaya maka harsashinta ne? Je ka gaida baffanka." Baffa ya miƙa masa hannun nan mai yatsu uku, ya riƙe shi. Ranar muka gane mai gadin tatsuniya. Musa ya kai harsashin kogi.

Yanzu in na ga Musa yana ɗaura wa 'yarsa takalmi da yatsunsa goma, sai in ji raina ya kwanta. Iya ta rufa wa ɗanta asiri, ta kuma tsare mu, duk da labari ɗaya.

Bayan sadakar uku aka ba ni makullin. Iya ta bar wasiyya a kai bindigar komisariya, wurin 'yan sanda. Musa ya ce gadon gida ce, a bar ta a rufe. Makullin yana wuyana. Har yau ban kai ta ba.