Darbejiyar da Ta Tona Zanen Bajamushe

Ni 'yar Garwa ce, na yi lise, wato sakandare, har aji huɗu, kuma kafin wannan abu ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Har yau in na ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Ina buga tafireta a wani shago, sai Alhaji Buba, dillalin kayan tarihi, ya fara kawo mini takardu. "'Yata, Faransancinki ya fi na Nasara. Shekarar nan kawai za ki canza mini." Na canza, ya ba ni turare. Ta biyu ko tambaya ban yi ba.

Maƙwabcinmu Baba Yakubu, Kirista daga duwatsu mai rubuta allunan shaguna, ya taɓa zana mini bakin Binuwai kyauta. Alhaji ya gani ya ƙyasa. Da hannuna na kankare sunan tsohon, zanen ya yi sati uku yana shan hayaƙi a madafa don ya yi kamar tsoho. Na buga takarda cewa wani hafsan Jamus ne ya zana kafin zuwan Faransa. Wani Nasara ya saya.

Ashe bai yarda da mu ba, ya kai ƙara. Aka kira ni komisariya, ofishin 'yan sanda, ga zanen a kan tebur. Komiser, shugaban ofishin, ya juya bayan zanen, ya shinshina, ya ƙura mini ido. Sai ya sa aka shigo da tsohon mai lambun ofishin.

"Baba, wannan na zamanin Jamus ne?"

Tsohon ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, darbejiyar nan ta bakin ruwa mu muka dasa zamanin Faransa, da bulala a bayanmu. Bajamushen zama ya yi yana jiran ta girma?"

Alhaji tuni ya tsallaka iyaka. Komiser ya ce, "To wa ya zana?" Tsoro ya sa na ce Baba Yakubu ne ya shirya komai. Aka kawo shi a ɗaure, fenti a yatsunsa. Ya dubi inda na kankare, ya ce, "'Yar nan, a nan na sa sunana."

Na fashe da kuka, na faɗi gaskiya. Aka sake shi, ni na yi shekara a kurkuku.

Na fito, na tuba, na roƙe shi ya ce ya yafe. Ƙannena 'yan makaranta, duk wanda ya yabi iliminku sannan ya ce ku canza abu ɗaya kawai, ku tashi ku bar wurin. Baba Yakubu yana amsa gaisuwata, amma in na shiga gidansa sai ya juya zanen da yake yi ya fuskanci bango.