Inda Verna Take Ajiye Mota

Verna Koskela ba ta taɓa yin ƙarya a coci ba, ba ta kuma taɓa faɗin gaskiya a watan Mayu ba. A watan ne dusar ƙanƙara take gama narkewa a arewacin Michigan, sai laimar kwaɗi irin ta ci, mai kai kamar saƙar zuma, ta fara leƙowa daga ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Dajin na gwamnatin jiha ne, wato na kowa. Har allo aka kafa a bakinsa ana gayyatar jama'a su shigo su yi zango, su kama kifi, su tsinci abin da ƙasa ta tsirar. Shi ya sa kowa yake ɓoye wa kowa inda yake tsinta.

Verna ta yi ta dafa wa 'yan makaranta abinci har ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watsu birane. Abin da ya rage nata ita kaɗai shi ne wata gangara a gefen tsohuwar hanyar masu yankan katako, inda laimar take fitowa da yawa, wadda uwarta ta nuna mata tana yarinya. Dabararta irin ta kowa ce, sai dai ta fi kowa naci: ta ajiye koriyar a-kori-kurarta a bakin tafki can gabas, ta ratsa daji da ƙafa zuwa yamma, ta dawo da buhun albasa cike. Mutanen gari sun sha tattake bakin tafkin nan. Cizon sauro suke kwasowa.

Bana gwiwa ta ƙi. Ko dai ta ajiye mota a gindin gangarar duk mai wucewa ya gani, ko ta zauna gida kakar ta wuce ta.

A shagon shan kofi, Duane Pelkie, tsohon direban motar katako da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawunta, ya jawo kujera.

"Uwar maƙaryata, an ce ƙafa ta shiga yajin aiki. Faɗa mini wurin, in tsinto miki mu raba."

"Kai da kake neman tabarau yana kan hancinka?"

"To bana ina aka nufa?"

"Inda ka ga motata."

Duk shagon aka kwashe da dariya, har mai zuba kofi ta ɓarar a tebur.

Washegari da safe ta tsaya a gindin gangarar, ta kashe mota. Hazo yana kwance tsakanin itatuwa kamar bai gama barci ba. Ta hau a hankali da sandarta. Ƙasa tana ƙamshin ruwa da tsohon ganye, wani tsuntsu yana ƙwanƙwasa mataccen itace can nesa. Da fari ido ba ya ganin komai. Sai laimar kwaɗi ɗaya ta bayyana a gindin kututture, sai wata a bayanta, sai ga su nan birjik, kamar dama suna tsaye suna jiran ta gama kallon wani wuri. Ta ji kamar uwarta tana gaba kaɗan cikin hazon, a sunkuye, ba ta waiwayo ba.

Ƙarar inji ta katse ta. Duane ne, da motoci biyu a bayansa. Verna ta miƙe, buhu a hannu. Ya sauke gilashi, ya dubi koriyar motar, ya dube ta.

"Haba tsohuwa! Bana har da tsayawa kusa da motar a gan ki? Da buhu ma! Daga gida kika zubo su, ko?" Ya leƙa baya ya ɗaga murya. "Tunda tana yamma, abin yana gabas. Mu je tafki!"

Suka juya ɗaya bayan ɗaya. Sirrinta ya tsira, da ma abin da ta roƙa ke nan. Ta dubi gangarar, ta dubi gwiwarta, ta tuna baɗi: in ta kasa hawa, ba wanda ya san wurin sai ita.

"Duane!" ta ƙwala kira. "Nan ne, sakarai! Nan ne!"

Ya fito da hannu ta taga, ya kaɗa mata cikin jinjina, ya ƙara mai.

Verna ta zauna a kan wani faɗaɗɗen itace har ƙarar ta ɓace. Akwai wata babbar laima dab da takalminta. Ta daɗe tana kallonta kafin ta buɗe wuƙa.