Alewar Gwangil a Ƙofar Jami'a

A tsibirinmu akwai Gwangil har uku, amma da ka ce mai gardama, kowa zai nuna maka kwale-kwalen Pyo Gwangil. Shekara talatin ya yi yana noman miyok, ciyawar tekun nan da ake miya da ita. Ya shimfiɗa igiyoyi a ruwa, ya yanko cikin sanyi, ya shanya, ya kai kasuwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana da haƙorin gwal guda ɗaya, kuma saboda wannan haƙorin yake dariya ko da abin dariyar bai kai ba.

Tsohuwar gardamarsa da mutane a kan camfin jarrabawa ce. Kowa ya san ba a ba yaron da zai zauna jarrabawa miyar miyok, wai santsinta zai zamar da shi. Alewa mai danƙo ake ba shi don ya manne. Saboda haka duk Nuwamba, watan babbar jarrabawa, ciniki sai ya kwanta, Gwangil kuma ya miƙe a tsakiyar kasuwa yana wa matan gari wa'azi.

"Jahilci ne zalla! Yaron da bai yi karatu ba, ko ƙaro kika ɗura masa sai ya faɗi. Wace ce a cikinku ba ta sha miyar nan ba da ta haihu? Jaririn ya zame ne?"

Haka ya yi ta yi har 'yarsa tilo, Dasom, ta shiga ajin ƙarshe na sakandare. Daga wannan rana, miyok bai sake tsallaka ƙofar gidansa ba. Mutumin da sai an yi faɗa yake wanke ƙafa ya koma wanka a famfon bakin ruwa kafin ya nufi gida, har takalma yake canzawa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Matarsa Namhi ta ce, "Baban Dasom, ina ce jahilci ne?"

"Jahilci ne mana. Amma wa ya ce da 'yata za a gwada?"

A watan Satumba aka buɗe neman gurbin jami'a na farko, wanda ake duba sakamakon makaranta, kowane yaro ya nemi wuri shida. Na biyu sai bayan babbar jarrabawar Nuwamba, shi kuma makinka ne ke magana. Dokar ba ta lanƙwasuwa: duk wanda aka ɗauka a na farko, ko yana so ko ba ya so, ba shi da hurumin shiga na biyu a shekarar. Yara suna kiran wannan sata, su ce wane jami'a kaza ta sace shi.

Dasom ta zaɓi biyar da kanta. Na shida Gwangil ne ya roƙa: jami'ar da ke ƙetaren gada, tafiyar minti arba'in a bas, wadda ke ɗauke wa 'ya'yan masunta kuɗin makaranta na shekara huɗu, har da na mota. Kwana uku yana bin ta, sai da ta gaji ta ce, "To Baba, sa. Dama wuri ne ya ragu."

Ana wata sai ga wata. Dasom a ajin farko barci take yi da littafi a fuska, sai a shekarar ƙarshe ta farka, kuma babu wanda ya san iya farkawar sai da makin jarrabawa ya fito. Malaminsu ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa, ya ce a neman gurbi na biyu wannan makin zai kai ta Seoul, babban birni, ta karanta harhaɗa magungunan da take mafarki, ba da roƙo ba. Wurare biyar ɗin da ta nema ba matsala, suna da ganawa, sai kawai ta ƙi zuwa. Na shida kuwa, zaɓin Baba, ba ganawa, ba kuma janyewa. Takardu ne a hannunsu, za su faɗi sakamako ranar Juma'a ta tsakiyar Disamba da ƙarfe biyu. Malamin ya ce a ganinsa bakwai cikin goma za su ɗauke ta.

Da suka dawo gida Dasom ta ajiye jaka ta ce, "Mama, miyar miyok nake so. Mai santsi sosai."

Aka shiga shan miyok safe, rana da yamma. Namhi ta je ta tsare fasto bayan sujada ta ce a saka 'yarta a addu'a ta faɗi. Bawan Allah ya sa ta maimaita sau biyu, sannan ya ce shi dai zai roƙi abin da ya fi alheri. Ta dawo tana mita, wai fastocin yanzu ba sa son ɗaukar nauyi.

Gwangil ne ke kawo ciyawar da kansa, mafi kyau, yana cika baki. "Sha, 'yata! Sha ki zame har Seoul!" Amma in ya shiga kwale-kwale shi kaɗai, fuskar sai ta canza. Ya tambayi ɗan uwansa da ke can, an ce masa ɗakin da mutum ba ya iya miƙe hannu biyu a ciki hayarsa won dubu ɗari biyar ce a wata. Tallafin gwamnati in an yi sa'a ya ɗauke rabin kuɗin makaranta, ɗaki da abinci kuwa naka ne. Ga wannan a gefe guda, ga kuma jami'ar da ke cewa kawo ta kyauta, mu biya mata bas. Ya auna da igiyoyinsa, ya ga sai ya ƙara arba'in a ruwa, da wannan kafaɗar da ke masa ƙara in ya ɗaga hannu. Ya ce wa kansa duk mai hankali ya san inda riba take.

Ranar Litinin ta makon sakamako ya ce zai ƙetara gada sayen igiya. Ya sayi alewar danƙo mai faɗin tafin hannu biyu, ya je ƙofar jami'ar, ya waiga hagu da dama, ya lasa rabi ya manna a jikin ƙarfen kamar yadda iyaye ke yi, har da ɗan sunkuyawa. Sauran rabin ya rasa inda zai kai. Gida ba dama, zubarwa kuma asara. Sai ya ce bari ya ci a madadinta, ai jini ɗaya ne. Bas bai kai tsakiyar gada ba alewar ta fito da haƙorin gwal a jikinta.

Kwana biyu yana magana baki a rufe. Mutumin da ke dariyar banza ya koma murmushin amarya. Ranar Laraba Namhi ta zo wajen shanya ta same shi, ta buɗe tafin hannunta. Ga haƙori a kwance cikin alewa, daga aljihun rigarsa ta ciro.

"Wannan ce igiyar?"

"Maman Dasom, tsaya ki ji..."

"Mu muna nan muna shan santsi har cikina ya ɗauki ƙugi, kai kana can kana manne mana yarinya? Kai, amma an yi munafukin tsoho!"

"Ke ba ki san tsadar Seoul ba! Shekara huɗu kyauta, har da bas! Ina aka taɓa mayar da kyauta?"

"Rufe min baki, iska na shiga ta giɓin. Wace tsada? Kai da ka sayi sabon inji bara don kawai na maƙwabci ya fi naka ƙara? Ba kuɗi ba ne, Baban Dasom. Faɗi gaskiya."

Ya juya ya shiga gyara ciyawar da ba ta buƙatar gyara. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Tun Dasom na 'yar shekara biyar take tsayawa a kan dutsen bakin ruwa tana ɗaga masa hannu in ya dawo, kuma ya san yaran tsibirin nan in sun tafi Seoul sau biyu a shekara ake ganinsu, da baƙin takalma da sauri. Namhi ba ta matsa ba, ta dai jefa masa haƙorinsa ta tafi.

Ranar Juma'a suna cin abincin rana, Dasom ta ajiye cokali. Ba wanda ya gaya mata komai, amma gidan da bangonsa takarda ne ba ya riƙe sirri.

"Baba, na duba kuɗin Seoul ni ma. In suka ɗauke ni a ƙetaren gada zan je, ba zan yi kuka ba. Kafaɗarka ma ta huta." Ta yi dariya. "Kuma ka riƙa ganina kullum har ka gaji."

Ta faɗi abin da yake so ya ji, kalma bisa kalma. Ya dubi yadda take tattara kwanuka a hankali, kamar wata babbar mace da ta riga ta haƙura, ya ji kunya ta rufe shi. Ya tashi ya ɗauki wuƙar yankan miyok ya soke a ƙugu.

Namhi ta ce, "Ina zuwa kuma?"

"Igiya."

Ƙarfe ɗaya da rabi ya sauka a ƙofar jami'ar, ya tsaya baki buɗe. Ranar Litinin alewa biyar ce ko shida a jikin ƙarfen. Yau sun fi sittin, duk launi ɗaya, duk sanyi ya daskarar da su. Ya leƙa nan, ya shinshina can, ya kasa gane tasa. Lokaci na tafiya. Gwangil bai taɓa yin aiki rabi ba a rayuwarsa, sai ya zare wuƙa ya fara daga sama.

Ya kankare kusan ashirin kafin wasu iyaye mata biyu da ke tsaye suna addu'a su buɗe ido.

"Wayyo! Ta ɗana ce wannan! Kai tsoho, lafiyarka?"

"Yi haƙuri, baiwar Allah, tawa nake nema!"

"Taka a jikin ta mutane? Jama'a, ga mahaukaci da wuƙa!"

Ɗaya ta rufe shi da duka da jakarta, ɗaya ta durƙusa tana tsince alewa tana mayarwa. Mai gadi, wani dogon dattijo, ya fito a guje ya riƙe masa hannu, ya karɓe wuƙar, ya ja shi ɗakin gadi ya zaunar. Yana neman lambar 'yan sanda wayar Gwangil ta yi ƙara. Ƙarfe biyu da minti uku.

Muryar Dasom har mai gadin yana ji. "Baba! Na faɗi! Sun ƙi ni! Ko a jerin masu jira ba sunana!" A bayanta Namhi na ta ihu tana buga murfin tukunya.

Gwangil ya yi tsalle har kansa ya bugi fitila. "Ta faɗi! 'Yata ta faɗi!" Sai kuma ya tsaya cak, ya haɗe rai. "Tsaya. Su wa suka ƙi ki? Waɗannan? Da wannan ƙofar tasu mai tsatsa? Ba ni lambar shugabansu!"

"Baba, kana ina ne wai?"

"Wajen igiya. Ki gaya wa uwarki ta sayi nama."

Ya kashe wayar ya koma ya zauna. Mai gadin ya dube shi, ya ajiye tasa wayar a hankali. Shekara ashirin yana wannan ƙofar, ya ga iyaye iri-iri a ranar sakamako, kuma a ganinsa wannan baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Ya zuba masa shayin sha'ir mai zafi, ya tura masa kujera kusa da murhu.

Gwangil ya riƙe kofin da hannu biyu. Murna yake yi, wannan ba ƙarya, amma hawaye suka zo ba sallama, suka bi kumatunsa har cikin giɓin. Ya yi kuka sosai, irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Mai gadin ya dafa kafaɗarsa. "Haƙuri, ɗan uwa. Ba a nan duniya ta ƙare ba. Ta sake gwadawa baɗi, za ta shiga nan. A tsibiri kuke, ko? Ka ga kusa ne. Ta zo da safe, da yamma tana gida kuna cin abinci tare."

Gwangil ya share fuska da hannun riga, ya kurɓi shayin.

"A'a," ya ce. "Ba za ta shiga nan ba. Yarinyar tana da ƙoƙari."