Safinatu da jinin Kande

Safinatu 'yar garin Ɗanzomo ce, mahaifinta manomin gero da riɗi. Ita ce ta farko a gidansu da ta wuce sakandare. Ta karanci aikin gwajin jini, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Gumel, yau shekara goma sha bakwai ke nan. Ba ta da yawan magana, kuma hannunta da sauƙi: kafin ka ankara ta ɗebi jininka ta danna auduga.

A shekararta ta shida da kama aiki aka tura ta kwas Kano a kan cutar ƙanjamau. A can ta ji abin da ya tsaya mata a rai. Ashe fararen ƙwayoyin jini, waɗanda cutar ke shiga ta hayayyafa a cikinsu, suna da sinadaran furotin masu tare ta. Wani yana ɓata kwafin da ƙwayar cutar take yi na kanta, wani yana hana ta kayan da za ta yi kwafin da su, wani kuma idan sabuwar ƙwaya ta zo fita sai ya riƙe ta. Sai dai ita ma cutar tana da dabarun karya su, shi ya sa take rinjayar yawancin mutane idan babu magani.

Wata safiya Kande ta zo awo da cikin wata huɗu. Tuwo take sayarwa a tashar manyan motoci ta Maigatari. Mijinta na fari direba ne, ƙanjamau ce ta yi ajalinsa, ita ma an gwada ta tana ɗauke da cutar. Ta ƙi magani, ta shekara bakwai ko kwanciya ba ta yi ba, har ta sake aure. Da sakamako ya dawo, ƙwayar 'yar kaɗan ce a jininta.

"Ai na warke, Malama," in ji Kande. "Jiƙon da kawuna ke ba ni ne."

Safinatu ta jawo kujera kusa. "Yaya Kande, kina kiwo?"

"Awaki uku."

"To, a jikin kowa akwai abin da ke ɗaure ƙwayar nan kamar akuya a turke. Ita kuma tana da hanyar tsinka igiya. Naki jikin ya daɗe yana danne ta, ban san dalili ba, masana ma ba su gama sani ba. Amma tana nan. Ran da ta kuɓuce, abin da ke cikinki ne mafi kusa da ita."

Kande ta gyara mayafi ta fita, ba ta dawo ba.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Safinatu ta nemi izini ta hau mota. Ta zauna a rumfar Kande ta ci tuwo, ba ta ce komai ba saboda idon mutane. Ta sake komawa mako na gaba. A zuwa na uku, bayan direbobi sun watse, Kande ta ce ƙasa-ƙasa, "Tsorona Hamza ne. Bai sani ba na aure shi."

"In kin yarda, tare za mu gaya masa."

Hamza mai facin taya ne. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙa hannu ya ce a gwada shi. Ba shi da cutar. Ya yi kwana goma ba ya yi wa Kande magana. A rana ta sha ɗaya shi ya ɗauko ta a babur ta karɓi magani.

Kande ta haifi 'yarta Tayyiba da damina. Da ta kai shekara ɗaya da rabi, Safinatu da kanta ta yi mata gwajin ƙarshe, ta maimaita don ta tabbatar. Yarinya lafiya lau.

Ba kowa Safinatu ta ci nasara a kansa ba. Akwai direbobi biyu da ta bi har ta gaji, takan ambace su da suna idan hira ta biyo ta kansu. Amma yanzu duk matar tashar da aka gwada ta rikice, Kande ce ke rufe tukunya ta rako ta Gumel.